FIM ƊIN "OASIS": SHIN FYAƊE NA IYA ZAMA ƘOFAR SOYAYYA?

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, a yau fina-finan Koriya ta Kudu sun shiga aljihun 'ya'yanmu ta hanyar wayar salula, don haka wajibi ne mu san abin da ke cikinsu, mu auna shi da ma'aunin gaskiya. Za mu ɗauki guda ɗaya wanda masana harkar suka ɗora a sahun gaba, wato "Oasis", ma'ana dausayi, wanda Lee Chang-dong ya shirya a 2002. A shekarar ne aka ba shi kyautar darakta a bikin fina-finai na birnin Benis a Italiya, ita kuma jarumar, Moon So-ri, ta sami kyautar sabuwar 'yar wasa. A 2003 aka naɗa shi wannan darakta Ministan Al'adu na ƙasarsu. Ke nan wannan fim ne da hukuma da masana suka sa wa albarka.

Ga labarin a taƙaice. Jong-du, wani mutum mai raunin tunani, ya fito daga kurkuku bayan ya ɗauki laifin yayansa, wanda ya buge wani mai sharar titi da mota ya gudu. Sai ya je gidan mamacin, ya tarar da 'yarsa Gong-ju, wadda ke fama da shanyewar gaɓoɓi, magana ma sai da ƙyar. Yayanta ya yi amfani da sunanta ya karɓi sabon gidan da gwamnati ke ba naƙasassu, ya tare da matarsa, ya bar ta a tsohon gida ita kaɗai, yana biyan maƙwabta su miƙa mata abinci. Ba ya kai ta sabon gidan sai ranar da jami'an bincike za su zo. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

A nan fim ɗin ya faɗi gaskiya, kuma mu ba ma ƙin gaskiya don ta fito daga bakin wanda ba namu ba. Dangin nan biyu maciya amana ne: wancan ya tura ƙaninsa kurkuku a madadinsa, wannan ya cinye haƙƙin ƙanwarsa. Gidan abinci ya ƙi sayar musu, 'yan sanda kuma ba su tsaya sun saurari bakinta ba.

Amma ina aka kwana game da maganin da fim ɗin ya kawo? Da Jong-du ya dawo ya same ta ita kaɗai, sai ya afka mata da nufin fyaɗe har ta suma. Daga baya ita ce aka nuna ta kira shi a waya, aka shiga yawo da hira da raha, har aka kai ga saduwa ba tare da aure ba. Dangi suka riske su, aka kama shi da tuhumar fyaɗe, ya kufce ya hau bishiya yana sare rassan da inuwarsu ke tsorata ta da dare. Nan ne ake so mai kallo ya zubar da hawaye ya mance mafarin labarin. To mu ba mu mance ba. Wane darasi ake koya wa saurayi? Cewa zai iya keta haddin mai rauni, in ya nuna tausayi daga baya a kira shi masoyi? Wane darasi ake koya wa naƙasasshiya? Cewa darajarta ta yi ƙasa har ta gode wa wanda ya zalunce ta don babu wanda ya kula ta sai shi?

Masu kare fim ɗin suna cewa darakta rayuwa ya nuna yadda take. Muna amsa musu da cewa shi ya zaɓi abin da zai ƙawata, shi ya zaɓi inda zai sa kiɗa mai taɓa zuciya. Ita kanta Koriya ta shaida yadda wannan ta'asa take a zahiri. A 2011 fim ɗin "Dogani" ya tona asirin lalatar da aka yi shekaru ana yi da yara kurame a makarantar Inhwa ta birnin Gwangju, jama'a suka fusata, majalisa ta tsananta hukunci a kan masu cin zarafin naƙasassu, aka rufe makarantar. Babu wanda ya kira wancan soyayya.

Musulunci bai hana naƙasasshe so ba, bai kuma hana shi aure ba. Abin da ya gindaya shi ne yardar mace da waliyyi da sadaki da shaidu, domin kada mai rauni ta zama ganima a bayan ƙofa. Da an bi wannan tafarki, da babu mai shigowa da dare ya kira mijinta ɓarawo. Mu tuna Manzon Allah (SAW) da kansa ya nema wa Julaibib aure alhali mutane na gudunsa saboda siffarsa. Mu tuna Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da Suratu Abasa ta sauka a kansa, ya zama ladani, har aka riƙa bar masa riƙon Madina.

Sai dai kada mu yi tuya mu mance da albasa. Yayan Gong-ju yana da 'yan'uwa a garuruwanmu: mai danne gādon ƙanwarsa don ta kasa zuwa gaban alƙali, mai ɓoye ɗansa a ƙuryar ɗaki saboda kunyar baƙi, mai tura gurgu bara ya karɓe abin da ya samo. Najeriya ta sami dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Janairun 2019, amma Shari'a ta riga ta da ƙarni goma sha huɗu, kuma ita za a tambaye mu a Lahira.

Saboda haka muna kira ga iyaye su san abin da 'ya'yansu ke kallo. Muna kira ga malamai su yi wa'azi a kan haƙƙin naƙasassu a gādo da ilimi da aure. Muna kira ga rassanmu su binciki gidajen unguwanninsu, su tsaya wa duk wadda aka yasar kafin azzalumi ya riga su zuwa ƙofarta.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta.