Daga Akara Zuwa Garwa: Ina Jawabin Shugabannin Amurka Ya Kwana?

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Yulin 2009 ne shugaba Barack Obama ya tsaya gaban majalisar dokokin Gana a Akara, inda ya ce Afirka ba ta bukatar shugabanni masu ƙarfin tsiya, hukumomi masu ƙarfi take bukata. Mu nan unguwar Briqueterie a Yawunde, mun ga yadda maganar ta karaɗe teburan masu shayi, rumfunan teloli da wajen masu tsire, domin shekara guda kacal kafin nan, a Afrilun 2008, majalisar Kamaru ta cire ƙayyade wa'adi daga tsarin mulki. Da yawa sun ɗauka da mu ake.

To amma kamar yadda masu iya magana kan ce, ba a nan gizo ke saƙa ba. A Yulin 2015 Obama ya sake cewa a hedkwatar Tarayyar Afirka da ke Adis Ababa bai kamata wani ya zama shugaba na har abada ba. Watanni uku bayan haka, a Oktoba, shi ɗin dai ya sanar da tura sojoji kimanin 300 zuwa Kamaru saboda yaƙi da Boko Haram, suka sauka a Garwa da jiragensu marasa matuƙa. Ba mu ce taimakon bai da amfani ba. Duk wanda ya san halin da Fotokol, Amchide da Banki suka shiga ba zai faɗi haka ba. Abin lura shi ne, gwamnatin da jawabin ke yi wa hannunka-mai-sanda ita ce aka ƙulla ƙawance da ita.

Wannan ba sabon abu ba ne. Ranar 20 ga Maris 2003, daidai lokacin da aka fara kai wa Iraƙi hari da sunan 'yanci, George Bush ya karɓi Paul Biya a fadar White House. A lokacin Kamaru na da kujera a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma Amurka ta yi ta zawarcin ƙuri'arta.

Akwai lokacin da magana ta zama aiki. A ƙarshen Oktoban 2019 Donald Trump, wanda ba a san shi da wa'azin haƙƙin ɗan Adam ba, ya cire Kamaru daga shirin AGOA daga Janairun 2020, bisa zargin jami'an tsaro da kisa da azabtarwa. Sai dai mu tambayi kanmu, wa ya ji a jikinsa? Galibin abin da Kamaru ta riƙa kaiwa Amurka a ƙarƙashin shirin ɗanyen man fetur ne. Mai safarar albasa, goro, shanu ko atamfa bai taɓa cin ko dala ba a ciki. Abin da ya karya masa jari a wannan shekarar shi ne rufe iyakokin Najeriya da Buhari ya yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan faɗuwar naira a gaban sefa bayan Yunin 2023.

A Mayun 2025 kuma, a Riyad, Trump ya fito ƙarara ya soki masu zuwa ƙasashen wasu suna koya musu yadda za su yi mulki. Wato ko wa'azin ma an daina. A ganinmu wannan ya fi kusa da abin da ake yi tun fil azal, ko da yake waɗanda suka dogara da tallafin USAID, da aka rushe a shekarar, su suka kwana a ciki.

A Oktoban 2025 aka bayyana Biya, mai shekara 92 a lokacin, a matsayin wanda ya lashe zaɓe karo na takwas, Issa Tchiroma Bakary ya ce bai yarda ba, aka yi zanga-zanga a Duwala da Garwa, kasuwanni suka kwana a rufe. Garwar nan dai da sojojin Amurka suka sauka shekara goma kafin nan.