Mota ɗaya suke shiga, amma ba su san juna ba

Duk ƙarshen hutu, motocin da ke tashi daga Matamaye suna ɗaukar mutum biyu da ba a rasa su. Ɗaya ɗalibi ne, ɗan Yauri ko Kurni ko Tsauni, da jaka a baya da dosiye a hannu, zai koma jami'ar André Salifou a Damagaram, ko Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ko Abdou Moumouni a Yamai. Ɗayan ɗan kasuwa ne mai bin hanyar Ɗan Barto da Kwangwalam, ya ratsa Daura ya sauka Kano, wajen Dawanau ko Kantin Kwari. Garinsu ɗaya, wani lokaci ma unguwa ɗaya. Amma ɗalibin yana ganin Alhaji bai yi boko ba, Alhaji kuma yana ganin yaron nan ba abin da ya iya sai Faransanci da yajin aiki. Su gaisa, kowa ya kama salularsa. Mu a ganinmu, a cikin wannan shirun ne yankin Kance yake asarar abin da ya fi kuɗin mota daraja.

Idan ka ce wa matashi mai digiri ya gina alaƙar sana'a, abin da yake ji shi ne "nemi dogon hannu". Ba laifinsa ba ne. Mun tashi muna jin PAC, wato dangi da abokai da ƴan sani, ana faɗa ana dariya, kowa kuma ya san ba wasa ba ne. Shi ya sa idon ɗalibi kullum sama yake kallo: wane ne darakta, wane ne ɗan majalisa, wa ke da kawu a minista. Sai dai kujerun gwamnati kaɗan ne, masu takarda na ƙaruwa kowace shekara, kuma alaƙar da aka ɗaura a wuyan mutum ɗaya, ranar da aka sauke shi ta faɗi tare da shi. Mun gani a 2010, mun sake gani a 2023.

Alhali kuwa Bahaushe ya daɗe da irin tasa hanyar, kuma ba a ofis aka ƙirƙiro ta ba. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, su yi watanni a hanya kafin su isa Salaga, ba su da banki ba su da inshora. Abin da suke da shi shi ne zango da fatoma. Ka sauka garin da ba ka san kowa ba, mai masauki ya ba ka ɗaki, ya ajiye maka kaya, ya haɗa ka da dillali, ya faɗa maka wane ne mai biya wane ne mai cin amana. A nan Damagaram, unguwar Zango da sunan Malam Yaro shaida ne cewa da wannan tsari aka yi ciniki har Tarabulus. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 yana nazarin yadda Hausawa ke sayar da shanu. Abin da ya gani zai ba ɗan lisans ɗin tattalin arziki mamaki: ana ba mahautan Yarbawa shanu bashi, ba takarda ba sa hannu, don maigida ya tsaya. In mahauci ya gudu, maigida ne zai biya baƙonsa daga aljihunsa. In ya ƙi biya, labari ya kai Arewa, ba wanda zai ƙara sauka gidansa.

To a nan bambancin yake da PAC. A PAC, wanda ya sa ka a aiki ba ya asarar komai in ka zama malalaci. Talaka ne ke biya. A tsarin fatoma, wanda ya ce "na san shi" ya jingina sunansa ne, kuma sunan nan shi ne jarinsa. Sannan ƙofar a buɗe take ga baƙo: ba sai kana ɗan wane ba, sai dai a gwada ka da kaɗan, in ka cika a ƙara maka. Da yawa daga cikin Alhazan Maraɗi da ake ba da labarinsu haka suka fara, yaran wani ubangida ne, suna bin kaya, kafin a sallame su da jari.

Ba muna cewa tsarin nan ba shi da tabo ba. Akwai yaron da ya yi shekara goma sha yana wa ubangida bauta, ya tashi da hannu biyu. Mata kuma kusan a waje aka bar su, sai abin da suka ƙulla da kansu ta adashi da ciniki cikin gida. Wannan ba abin gado ba ne. Amma zuciyar abin, wato a sami mai tsaya maka wanda shi ma zai ji zafi in ka ɓata, har yau ba a ƙirƙiro abin da ya fi ta ba, LinkedIn ma bai kawo ba.

Kuma kada wani ya ɗauka maganar jin daɗi muke. Inda hanyar ƙwarai ta toshe, wata ce ke buɗewa. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwaki 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, kuma akasarinsu daga wannan yanki namu na Kance suka fito. Ku tsaya ku yi tunani: matar da ba ta taɓa wuce Damagaram ba, yaya aka yi ta san motar da za ta shiga a Agadas, da gidan da za ta sauka a Tamanrasset? Ai akwai mai ba da bashin kuɗin mota, akwai mai masauki, akwai mai lambar direba. Wannan ma alaƙa ce, tsararriya, mai aiki dare da rana. Ita ta iya karɓar baƙo. Mu masu boko, da ƙungiyoyinmu da tambarinmu, yaron da ya ci bak daga Yauri ya sauka Yamai karon farko, sau nawa muke da wanda zai tarbe shi a tasha?

Abin da ya sa muke cewa a haɗa ɗalibi da ɗan kasuwa, kowannensu yana riƙe da abin da ɗayan ya rasa. Alhaji ya san hanya. Ya san farashin wake da riɗi a Dawanau kafin rediyo ya faɗa, ya san lokacin da naira za ta ci masa riba in ya juya ta sefa, ya san wanda za a kira in mota ta lalace bayan Mai'aduwa. Lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan takunkumin CEDEAO daga ƙarshen Yulin 2023 har zuwa farkon 2024, waɗanda suka tsira da jarinsu su ne masu amintattu a ɗaya ɓangaren, mutanen da za su riƙe maka kaya ko kuɗi wata da watanni ba su taɓa ba. Wannan ba a koyar da shi a aji.

Shi kuma ɗalibi yana da abin da Alhaji ke biyan kuɗi a yi masa, wani lokaci a cuce shi. Takardar duwan da Faransanci take. Rajistar kasuwanci da lambar haraji, RCCM da NIF, da in ba ka da su ba ƙungiyar agaji ko ma'aikatar da za ta sayi buhu ɗaya a hannunka, ko da kai ka fi kowa araha. Shi ya sa za ka ga an noma abu a Kance, kwangilar kawo shi kuma ta tafi ga wani mai ofis a Yamai wanda bai san launin ƙasar gonar ba. Ga lissafin shiga da fita, wanda har yanzu a ka yake ko a wani littafi da yaro ɗaya kaɗai ke iya karantawa. Ga ɗalibanmu da ke Bayero a Kano ko Ahmadu Bello a Zariya, masu Turancin Ingilishi a baki, zaune a garuruwan da ƴan kasuwarmu ke zuwa kowane mako. Da ɗan gari akan ci gari, amma mu namu ɗan garin yana ɗakin kwanan ɗalibai ba wanda ya neme shi.

Wani zai ce ai muna da gurup a WhatsApp. E, muna da su, har sun yi yawa. Barka da Juma'a, hoton biki, sanarwar rasuwa, sai faɗan siyasa. Ba laifi, zumunci ne. Amma ka rubuta "ina neman wurin sitaj a fannin lissafin kuɗi" ka gani: mutum ɗari biyu sun karanta, uku sun ce Allah ya dace. Dalili kuwa, duk cikinsu sa'anninka ne, abin da ka sani shi suka sani. Tun 1973 wani Ba'amurke, Mark Granovetter, ya nuna cewa labarin aiki ya fi zuwa wa mutum ta bakin wanda suka san juna sama-sama, ba ta bakin aminai ba, don shi ne ke yawo a inda ba ka zuwa. Ga ɗalibin Yauri, wannan mutum shi ne Alhajin da ke kujerar gaba.

Ƙungiyoyin ɗalibai ƴan asalin yankin nan su ne ya kamata su fara, don su ke da tsari a hannu. Kuɗin da ake kashewa a kan riguna da kujeru na bikin al'adu, a rage kaɗan a yi rajista ta gaskiya: wa ke ina, me yake yi, me zai iya yi wa baƙo. Ba jerin manyan mutane ba. A sa direba, a sa mai canji, a sa malamar asibiti, a sa mai gyaran salula. A kowane gari, Damagaram, Maraɗi, Yamai, Katsina, Kano, a sami mutum ɗaya da aka sani shi ne mai masauki. Sannan a je a zauna da ƴan kasuwa, da ladabi, a ce musu ranku ya daɗe, kowa ya ɗauki ɗalibi ɗaya wata ɗaya lokacin hutu, ya rubuta masa lissafi, ya bi shi tafiya ɗaya. A faɗi abin da za a ba shi tun farko, komai ƙanƙantarsa, don kada a koma bautar da muka ambata. Wanda ya gabatar da ɗalibi shi zai amsa in an sami matsala. Ɗan siyasa kuma in ya kawo gudummawa a karɓa a gode, amma kada a ba shi shugabanci, kun san ƙarshen abin.

Maganar ƴan mata ta fi gaggawa. Kowa ya san abin da ɗaliba ke fuskanta in ta shiga ofis ita kaɗai tana neman sitaj, da irin "taimakon" da wasu ke yi mata tayi. Rajistar da ba ta da mata masu masauki, ma'aikata da ƴan kasuwa mata da za su ce "ƴata ce, ni na aiko ta", rabin aiki ce.

A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kuma ta Daura zai bi, nan ƙofar gidanmu. Duk ranar da jirgi ya fara tsayawa can, za a buƙaci masu fitar da kaya a duwan, masu sito, masu lissafi, masu jin Hausa da Faransanci da Ingilishi a lokaci ɗaya. Ba a gidan rediyo za a sanar da waɗannan guraben ba. Ƴan kasuwar da ke bin Kwangwalam yau su za a fara tambaya ko sun san wani yaro mai amana, kuma sunan da za su faɗa na wanda ya taɓa riƙe musu littafi ne.