Sabbin 'Yan Sanda da Gobarar Hunturu a Unguwannin Abuja

Umarnin da Shugaba Bola Tinubu ya bayar a watan Nuwamban 2025 na ƙara ɗaukar 'yan sanda 20,000, wanda ya kai adadin zuwa 50,000, mataki ne da ya dace. Sai dai kare rayuka bai tsaya ga fatattakar 'yan bindiga ba.

A Kubwa, Nyanya da Lugbe, inda ɗimbin ƙananan ma'aikatan tarayya ke zaman haya, gobara abokiyar gaba ce da ke kwana cikin gida. Ga jarkar fetur ta janareta a lungu, ga tukunyar gas mai yoyo, ga wayoyin lantarki da aka jona barkatai. Tagogi kuwa an datse su da ƙarfe saboda ɓarayi, ƙarfen da kan hana iyali tsira idan wuta ta tare ƙofa. Iskar hunturu ba ta jiran kowa.

Sau da yawa ɗan sanda kan riga motar kashe gobara isa wurin, domin ofishinsa na cikin unguwa, ita kuwa tana fama da cunkoson hanya. Don haka ya wajaba kwalejojin horar da 'yan sanda su haɗa hannu da Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya, a koya wa kuratan katse lantarki, fitar da mutane daga hayaƙi, da buɗe wa motar hanya.

Jami'an da ke tsara kasafin kuɗi su tanadi na'urar kashe wuta a kowace motar sintiri. Magidanta kuma su fitar da fetur daga ɗakin kwana, su koya wa yara kiran 112.