Bindiga Ba Kayan Sallah Ba Ce

Wasu iyayen zamani a nan Shagari Low Cost sun tsiro da wata magana, wai a Amurka ana saya wa yaro 'yar ƙaramar bindiga mai harsashin .22, domin ba ta da nauyi, ba ta kuma dukan kafaɗa. To, mu dai ba mu yarda ba.

Harsashin nan da ake rainawa yana iya tafiyar fiye da kilomita 2. A unguwar da gwamnatin Shagari ta jera gidajenta katanga na jingine da katanga, ina ne dajin da yaro zai saita? Bayan langa-langar da zai huda, ɗiyar maƙwabci ce ke wanke-wanke.

Dokar bindigogi ta 1959 ma ta hana ba wa wanda bai kai shekara 17 lasisi. Maharban da suka taimaka wajen ƙwato Mubi a 2014 kuwa, al'adarsu ita ce yaro ya daɗe yana saɓa burgamin ubangidansa, yana koyon sawun nama, kafin a yarda ya ɗura albarushi a bindigar toka. Mu kuma muna son tsallake duk wannan don kawai aljihunmu ya kai.