An Ƙara Guraben Karatun Lafiya, Amma Wa Zai Koyar?

A shekarar 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar cewa an ƙara yawan ɗaliban da makarantun likitanci, jinya, ungozoma da sauran fannonin lafiya za su riƙa ɗauka, daga kimanin 28,000 zuwa 64,000 a shekara. A watan Agustan shekarar kuma Shugaba Tinubu ya amince da manufar ƙasa game da ƙaurar ma'aikatan lafiya zuwa ƙasashen waje. Duk wanda ya taɓa kwana a kan benci yana jinyar ɗan'uwa, yana kallon nas ɗaya tana zagaya ɗaki guda cike da marasa lafiya, zai ce madalla. Mu ma mun ce madalla. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba: su wa za su koyar da waɗannan yara?

Aikin lafiya ba a allo kaɗai ake koyonsa ba. Ɗaliba za ta iya haddace alamomin zubar jini bayan haihuwa, amma sai ta tsaya kusa da gogaggiyar ungozoma sau da yawa kafin hannunta ya san mahaifar da ba ta tsuke ba. To, irin waɗannan gogaggun ne ke tafiya. Ministan da kansa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar a 'yan shekarun nan, hukumar kula da aikin jinya da ungozoma kuma ta ce a cikin shekara uku ma'aikatan jinya 42,000 suka fita. Asibitocin Ingila da Kanada da Saudiyya sun fi son wanda ya riga ya ƙware, wato daidai mutumin da ya kamata ya riƙe hannun na baya. Idan aka ninka ɗalibai aka bar malamai suna raguwa, takardun shaida za su yawaita, amma ƙwarewa ba za ta bi su ba. Mara lafiya ne zai fara ganewa.

Me ke korarsu? Kuɗi na ciki, ba shakka. A 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi domin lafiya. Mai masaukin baƙin ba ta taɓa cika alkawarin ba. Kason gwamnatin tarayya yakan tsaya wajen kashi 4 zuwa 6. Alawus ɗin haɗarin aiki ya yi shekaru da dama yana naira 5,000 a wata, har cikin annobar korona, sai a ƙarshen 2021 aka ɗaga shi. Amma idan muka saurari ma'aikatan da kyau, abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne rashin hanyar ci gaba. Dokar horon likitoci masu neman ƙwarewa ta tanadi asusu na musamman domin kuɗin jarrabawa da kwasa-kwasai, duk da haka jinkirin biyan kuɗin yana cikin ƙorafin da ƙungiyarsu ke maimaitawa kusan duk lokacin da ta shiga yajin aiki. Yajin 2021 ya ɗauki kimanin wata biyu. Mutumin da ba ya ganin inda zai kai nan da shekara goma, ko an ƙara masa albashi, idonsa na kan hanya.

An gwada rufe ƙofa. A 2023 an kawo ƙudiri a majalisar wakilai cewa likita sai ya yi aikin shekara biyar a gida kafin a ba shi cikakken lasisi. A farkon 2024 hukumar jinya ta ce sai nas ta yi shekara biyu tana aiki kafin a tantance mata takardun fita, ma'aikatan jinya suka fito zanga-zanga a Abuja da Legas. A ganinmu ba laifi ba ne al'umma ta nemi a rama mata, tun da dukiyar jama'a ce ke ɗaukar yawancin nauyin karatu a makarantun gwamnati. Amma yarjejeniya daban, tarko daban. Yarjejeniya ana yin ta tun ranar shiga makaranta, kowa ya san abin da ke kansa: mu biya karatunki, ki yi mana shekara kaza, mu kuma mu ba ki aiki da albashi a kan kari. Sauya sharaɗi bayan mutum ya gama, alhali ba a ma ɗauke shi aiki ba, yana ƙara masa gaggawar tafiya ne kawai.

Akwai kuma ƙaurar da ba a ƙidayawa, wadda ta fi shafar garuruwanmu. Nas ɗin da ta bar asibitin ƙauye ba Landan ta nufa ba. Babban birnin jiha ta koma, ko asibitin tarayya inda albashi ya fi na jiha, ko wata ƙungiyar agaji. Asibitocin mishan irin su Vom da Egbe da Garkida, waɗanda suka koya wa 'yan ƙasa aikin jinya tun kafin samun 'yancin kai, sun daɗe da sanin wannan ciwo: ka horas da mutum, ya ƙware, wanda ya fi ka aljihu ya ɗauke shi. A ƙauye, wanda ya rage yawanci shi ne ma'aikacin lafiyar al'umma. Tun 2014 manufar gwamnati ta yarda a koya masa wasu ayyukan da a da sai ungozoma ko nas, yana kuwa yin su, sau da yawa shi kaɗai, da fitilar waya. Sai dai tsaninsa gajere ne. Nauyi ya ƙaru, matsayi bai motsa ba.

Abin da ya nuna alamar aiki a Arewa ba sabon abu ba ne. Shirin nan da Birtaniya ta tallafa wa daga 2012 a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe ya riƙa ɗauko 'yan mata daga ƙauyukansu, ya ba su karatun share fage domin su cika sharuɗɗan shiga makarantar jinya da ungozoma, bisa alkawarin za su koma gida su yi aiki. Yarinyar da iyayenta da danginta ke garin ta fi zama a kan baƙuwar da aka turo. Unguwa, ƙungiyar mata ko ƙungiyar ci gaban gari za su iya yin haka da ɗiya ɗaya ko biyu. Amma kafin a tara kuɗin makaranta, a fara zuwa wurin ƙaramar hukuma da hukumar lafiya matakin farko ta jiha a ji ko akwai gurbin aiki da ke jiranta, da ɗakin kwana kusa da asibitin, da damar komawa ƙarin karatu bayan ta cika shekarunta. A rubuta, a sa hannu, ita ma a ba ta kwafinta.