Waiwaye: Mai Farfaɗiya a Kan Na'urar Wankin Ƙoda

Waiwaye adon tafiya. A shekarun baya, idan farfaɗiya ta kayar da mutum a kasuwar Kebbe ko ta Tambuwal, sai jama'a su dare, kowa na gudun yawunsa. Mai ƙarfin hali ne zai matso ya cusa masa cokali a baki, daga nan a nufi gidan mai maganin iska. Sannu a hankali aka gane cewa ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba a ɗaukarsa, kuma ƙwayar fenobabiton, wadda likitoci ke bayarwa tun 1912, tana kwantar da shi. Iyalai da dama sun samu sauƙi bayan zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, suka kuma riƙe doka ɗaya: kada a tsallake magani ko na kwana guda.

Dokar nan tana nan daram, amma ba ta wadatar ba ga wanda ƙodarsa ta gaza. Irin wannan majinyaci yakan taso daga Kebbe da asuba, ya bi ta Tambuwal zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ya kwanta awa huɗu na'ura na tace jininsa. To, na'urar ba ta san dafi ba, ba ta san magani ba. Duk abin da ya iya ratsa matacinta, fita zai yi. Fenobabiton na bin ruwan wankin. Keppra kuwa, wani maganin farfaɗiyar, kusan rabinsa ke tafiya a zama ɗaya. Sai ga wanda ya sha ƙwayarsa da safe yana shure-shure a mota kan hanyar komawa gida, 'yan rakiya na cewa magani ya daina ci, ko kuma jifa ce.

Shi ya sa likitoci kan mayar da shan irin waɗannan magunguna zuwa bayan wanki, ko su ƙara wani abu a kai a ranar. A sauran ranaku kuma sukan rage, domin ƙodar da za ta fitar da su ba ta aiki. In suka taru, sai magagi da jiri. Magungunan farfaɗiya irin su Tegretol da Epanutin kuwa, hanta ce ke sarrafa su, na'ura ba ta ɗibarsu sosai. Epanutin ma na da tarko: awon jini kan nuna ya yi ƙasa alhali yana aiki, in aka ƙara shi sai ya yi illa.

Darasin a fili yake. Jiya jahilci ya cuce mu, kada yau rashin bayani ya cuce mu. 'Yan uwa masu jinya, ku riƙa zuwa ɗakin wanki da kwalin maganin, ku nuna wa likitan ƙoda, ku tambaye shi lokacin sha. Kada ku ƙara, kada ku rage, kada ku daina da kanku. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.