BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Zuwa ga rassanmu na Affala, da Barmu, da Takanamat, da Kalfu, da na cikin garin Tawa.

'Yan'uwa, akwai wata magana da muke yawan ji a rumfunan kasuwa, musamman daga bakin samarin da suka komo daga ci-rani, wasu daga Abijan, wasu daga Legas, wasu daga Libiya, da 'yan kuɗinsu a hannu. Suna cewa gonakin gado sun ƙanƙance, gandun da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke rabonsa, abin da ya rage kuwa fako ya cinye. Saboda haka, in ji su, gara magidanta ashirin ko talatin su haɗa kai, su fita su sari daji, su kafa garinsu na kansu, noma tare, rumbu ɗaya, asusu ɗaya.

Mu ba mu ƙi wannan shawara ba ko kaɗan. Babu garin da ke cikin Adar wanda ba wani ne ya fara kafa bukka a wurin ba. Abin da muke so a gane guda ne: ba ranar tashi ake kafa gari ba. Ana kafa shi shekara guda ko biyu kafin a ɗaura wa jaki kaya. Wanda ya tsallake wannan, da damina ɗaya zai komo gidan ubansa, ba kuɗi, ba gari, sai bashi da kunya.

Ga misali daga nesa, domin samari irin namu ne suka yi shi. A 1960, a kudancin ƙasar Tanganyika, wadda ake kira Tanzaniya yanzu, waɗansu samarin jam'iyyar TANU, ba su kai 20 ba, suka fita daji wani wuri mai suna Litowa don su kafa gonar haɗin kai. Zuciya suna da ita, amma guzuri babu. Cikin 'yan watanni yunwa da namun daji suka kore su. A 1961 suka koma, da shugabansu Ntimbanjayo Millinga, wannan karon da shiri. Suka sa noman abinci a gaba da kome, suka riƙa zaman shawara a kai a kai, kana daga baya suka gina makaranta. Sannu a hankali ƙauyuka fiye da 15 suka bi sawunsu. A 1969 jam'iyyar da ke mulki ta rushe ƙungiyar tasu. A 1973 Shugaba Nyerere ya ba da umurni kowa ya koma ƙauyen haɗin kai kafin ƙarshen 1976. Aka kwashe miliyoyin mutane, aka zube da yawa a bakin hanyar mota ba a duba ruwa ko ƙarfin ƙasar wurin ba, noma ya sha wuya. To, kun gani: niyya ɗaya ce, amma shiri ya raba su.

Saboda haka ga abubuwa biyar da muke roƙon kowane reshe ya tambayi masu wannan niyya, ɗaya bayan ɗaya.

NA FARKO, RUWA. Rijiya kafin bukka. Ruwan saman Tawa bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, cikin wata uku kuma yake sauka ya ɗauke. Tabkin da ka gani cike a watan Satumba ba shi ne shaida ba. A je wurin a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da rana ta fi zafi, a ga abin da ya rage. A tambayi maginan rijiya gaba nawa ake yi a yankin kafin a tad da ruwa, a kuma ɗanɗana shi. Ƙa'idar hukuma ita ce rijiyar siminti ɗaya ga mutum 250, ban da dabbobi. Kada mace ko yaro su kwana a sabon wuri sai rijiya ta ba da ruwa rani guda cikakke. Mata ne masu jan guga da ɗaukar tulu, don haka tilas a ji ta bakinsu tun kafin a zaɓi wuri.

NA BIYU, ƘASA. Dajin da ka gani babu gona a cikinsa ba daji ne marar mai shi ba. Akwai burtali, akwai makiyaya, akwai mashaya da Fulani da Abzinawa ke bi tun kakanni. Dokar watan Mayu 1961 ta ja iyakar noma ta arewa, layin kuwa ya ratsa jihar Tawa. Arewa da shi ƙasar kiwo ce, wanda ya yi gona can, in dabba ta ci, ba shi da diyya. Dokar kiwo ta 2010 ba ta kawar da wannan iyaka ba. Dokar karkara ta 1993 kuma ta kafa hukumomin ƙasa da ake kira Kofo, masu ba da takardar saye, ko kyauta, ko aro, ko jingina. A je wurin maigari da sarkin yanki, a je Kofo, a zauna da ardo da shugabannin makiyaya, a taka iyaka da ƙafa gaban shaidu, a kafa alama, a rubuta. Kada mu manta da Toda, cikin jihar Maraɗi, inda rikicin gona da kiwo ya ci rai fiye da 100 a watan Oktoba 1991, yawancinsu mata da yara. Garin da aka kafa a kan burtali, rigima aka kafa.

NA UKU, ABINCI. Sabuwar gona ba ta ciyar da mai ita shekarar farko, balle in damina ta yi gardama kamar 1973 ko 1984. A ɗauki alli a yi lissafi. Mutum ɗaya yana cin hatsi sama da buhu biyu a shekara, buhu kuwa tiya 40 ne. Gida 30, in kowane yana da baki bakwai, mutum 210 ke nan, watau buhu fiye da 420. In ba a ga wannan hatsi da ido cikin rumbu ba, ko kuɗinsa a ajiye, tafiya ba ta yi ba. Iri kuma a ware shi daban, a hannun wanda ba zai taɓa shi ba ko da yunwa ta matsa.

NA HUƊU, MAZAUNI. Mu mutanen Adar mun san halin ƙorama: rani tana kwance kamar ba ta san kome ba, dare ɗaya ta tafi da garke da katanga. Tsohon garin Maraɗi a cikin kwarin gulbi yake, ambaliyar 1945 ta rushe shi, dole aka hau tudu aka sake gini. Muhammadu Bello da ya kafa Sakkwato a 1809, tudu ya zaɓa, kusa da mahaɗar gulabe biyu: ruwa a kusa, ambaliya a nesa. A tambayi tsofaffi iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa. A fitar da filin masallaci, da makaranta, da maƙabarta, da hanyar dabbobi zuwa rijiya tun kafin kowa ya ja dangarsa. A kuma auna nisan kasuwa da likita da tafiyar amalanke, domin mace mai naƙuda ba ta jiran rani.

NA BIYAR, ƘA'IDA. Abokai ba su faɗa ranar tashi, ranar rabo suke yi. A rubuta tun yanzu: wa ke riƙe da asusu, wa ke riƙe da mabuɗin rumbu, kuma kada su zama mutum ɗaya. Kwana nawa kowane gida zai ba gandun jama'a, kwana nawa ga gayaunarsa. Wanda ya tafi ci-rani, me zai biya a madadin aikinsa. Wanda ya gaji ya ce zai koma, da me zai fita. Wanda ya rasu, ina matsayin matarsa da marayunsa. A karanta lissafin kuɗi a bainar jama'a kowane wata. Wanda ya ce rubutu rashin yarda ne, a ce masa rubutu ne ke tsare zumunci.

Akwai kuma wata tambaya da ta kamata a yi kafin duk waɗannan: shin tashin ma dole ne? A Keita, nan gabas da mu, tun daga 1984 aka yi aikin farfaɗo da ƙasa da taimakon Italiya, aka jera duwatsu a gangare, aka haƙa ramuka masu tare ruwa, aka dasa miliyoyin itatuwa, mata ne kuwa suka ɗauki mafi yawan aikin. A wajen Illela da Badagishiri manoma sun mai da fako gona da tassa da rabin wata, da taki kaɗan a kowane rami. Wataƙila fakon da ke bayan garinku, wanda kowa ya san mai shi, ya fi dajin da ba ku san rigimarsa ba. Magidanta talatin da suka iya raya fako tare shekara biyu ba su watse ba, su ne za su iya kafa gari. Waɗanda suka kasa, sun gane halin juna da araha.

Mun san waɗansu za su ce muna sanyaya wa samari gwiwa. A'a. Kuɗin da aka tara da ɗaukar kaya a tashar Abijan ba na zubarwa ba ne, 'ya'yan da za a kai daji kuma ba na gwaji ba ne. Gaggawa ba jaruntaka ba ce.

Aikin kowane reshe ke nan: a karanta wannan takarda a taron ranar kasuwa, a bayyana ta ga wanda bai iya karatu ba. Inda akwai masu niyya, a zaɓi mutum biyar, da mace aƙalla biyu a ciki, su je su ga wurin da rani, su koma da damina, su kawo amsar tambayoyin nan biyar a rubuce. In amsa ta cika, mu ne na farko da za mu zo gayya da gatari da kwando. In ba ta cika ba, a dakata, a ƙara shiri.

Wanda ya gama karantawa ya miƙa wa na kusa da shi.